Abin da Sikeli Ba Ya Aunawa: Alƙalancin Gasar Hoto da Karrama Makaɗa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada ranar kamun kifi na Argungu ya san yadda gardama take ƙarewa a wurin. Da zarar an ba da alama, dubban masunta sukan afka ruwa da homa da gora, kafin sa'a guda ta cika kuwa an fara jawo manyan kifaye zuwa gaban rumfar manyan baƙi, inda ake ɗora kowane ɗaya a kan sikeli. Abin da sikeli ya nuna shi ne hukunci. Ba a tambayar masunci ɗan wane ne, ba a kuma ƙirga mutanen garinsu da suka rako shi. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, lambar kuwa ba ta bar wa kowa damar cewa na wani ya fi shi ba. Ko a 2008, lokacin da aka ƙwace kyautar daga hannun wanda aka fara bayyanawa a matsayin zakara saboda an gano cewa mataccen kifi aka shigo da shi daga wani wuri, asalin kifin aka tuhuma, sikelin bai yi ƙarya ba.

A wannan bakin ruwa akwai wasu mutane iri biyu da aikinsu ba ya hawa sikeli. Akwai makaɗan da ke cikin kwale-kwale suna zuga masunta, akwai kuma matasan da suka yi cincirindo a gaɓa, kowa ya ɗaga waya ko kyamara, yawancinsu ba don neman kuɗi ba, sai don sha'awa. Idan aka tashi tantance hoton da ya fi kyau, ko makaɗin da ya cancanci a riƙa tunawa da shi bayan ƙasa ta rufe idonsa, dole mutane ne za su zauna su yanke hukunci, mutum kuwa yana da dangi, yana da ubangida, yana da abin da kunnensa ya saba da shi tun yana yaro. Na daɗe ina lura da cewa mun musanya wa waɗannan alƙalanci biyu ma'auni. Hoto, wanda ya kamata a rufe sunan mai shi a dubi aikin kaɗai, muna auna shi da yawan jama'ar mai shi. Makaɗi kuma, wanda ya kamata a bar shekaru su tace aikinsa, muna yanke masa hukunci da zafin tashensa na yau.

Gasar hoto ta masu sha'awa tana da tsari sananne, ko da a ƙauye aka shirya ta ko a birnin Landan. Masu shiryawa sukan fitar da jigo, a ce noma, ko kasuwa, ko ruwa, su sa ranar rufewa, su faɗi adadin hotunan da mutum ɗaya zai iya turawa. Daga nan sai a yi tankaɗe na farko, a zubar da waɗanda suka kauce wa jigo ko suka saɓa sharaɗi, sannan a miƙa ragowar ga alƙalai. A gasar da ta san abin da take yi, alƙali lamba yake gani a jikin hoto, ba ya ganin suna. Wannan ƙaramin mataki shi ne ginshiƙin adalcin gasar baki ɗaya, domin a garuruwanmu, inda kowa ya san kowa, da wuya a nuna wa malami hoton ɗalibinsa ko na ɗan maƙwabcinsa zuciyarsa ba ta karkata ba, ko da mutumin kirki ne.

Abubuwan da alƙali yake dubawa ba asiri ba ne. Yana duba haske, wanda shi ne abu mafi wuyar sarrafawa a ƙasarmu. Dattijo sanye da farar babbar riga a tsakiyar rana jarrabawa ce ga kowace kyamara, domin farin rigar yana rinjayar ta, ta rage haske, fuskar ta koma duhu, inuwar hula kuma ta cinye idanu. Shi ya sa wanda ya ƙware yake farautar hantsi da la'asar sakaliya, ya kuma san cewa hazon hunturu, da mutane ke kuka da shi, yana tausasa haske ya fito da kamannin fuska. Yana duba lokaci, wato ko an danna a daidai ƙiftawar da homa ta ɗago ruwa yana zuba daga cikinta, ko mahayi ya ja linzami wurin jafi doki ya ɗaga ƙafafun gaba, domin daƙiƙa ɗaya kafin nan ko bayan nan hoton ya zama na kowa da kowa. Yana duba yadda aka tsara abin da ke cikin hoton, kada sandar wutar lantarki ta tsiro daga kan rawanin mutum, kada baƙar leda ta maƙale a gefe ta janye ido. Bayan duk wannan sai tambayar da ta fi nauyi, ko hoton ya gaya wa mai kallo wani abin da bai sani ba.

Na taɓa zama cikin alƙalan wata ƙaramar gasa da wata ƙungiyar matasa ta shirya a Birnin Kebbi, kuma abin da na gani a wurin shi ya fara sa ni wannan tunani. Hotuna biyu suka tsaya mana a rai. Na farko faɗuwar rana ce a kan fadama, an ƙara mata ja da ruwan goro da manhaja har sararin sama ya zama kamar garwashi, kuma ya riga ya tara ɗimbin masu danna alamar so a Facebook. Na biyu wata tsohuwa ce tana juya shinkafa a bakin tukunyar turara, tururi ya rufe rabin fuskarta, hasken safiya ya ratso ta ƙofar zaure ya sauka a kan hannunta, ana iya ganin tabon tsohuwar ƙuna a bayan yatsunta. Wata yarinya ce ta ɗauke shi da waya, kuma waɗanda suka danna mata ba su taka kara sun karya ba. Mu alƙalai duka mun fifita na biyu, amma masu shiryawa sun riga sun sanar cewa rabin maki daga ƙuri'ar intanet zai fito, saboda haka faɗuwar rana ta lashe. Ban zargi yaron da ya ci ba, ya bi dokar da aka shimfiɗa masa. Dokar ce ta auna yawan abokansa, da ƙungiyoyin WhatsApp da yake ciki, da kuɗin data da ya iya kashewa, ta kira hakan kyawun hoto. Ƙuri'ar jama'a tana da amfaninta, domin tana jawo mutane su kalli aikin, amma wurinta daban ne: a ware mata kyauta guda a kira ta zaɓin jama'a, a bar wa alƙalai tasu.

Sai batun gyara, inda ake yawan samun saɓani. Babu hoton da ba a taɓa shi ba, tun zamanin da ake wanke fim a ɗakin duhu ana ƙara haske ana rage shi, wayoyin yau kuwa suna yin nasu gyaran tun kafin mai su ya ga hoton. Iyakar da manyan gasa suka ja ita ce, a daidaita haske da launi, a yanke gefe, amma kada a ƙara abin da babu shi ko a cire abin da yake nan. Gasar World Press Photo, wadda aka fara a Holan a 1955, ta kori kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen dab da na ƙarshe a 2015, bayan da ta kwatanta su da ainihin fayil ɗin da kyamara ta ajiye. A Ingila, gasar hotunan namun daji ta gidan adana tarihin halittu na Landan ta ƙwace kyautar 2009 daga hoton wani kyarkeci yana tsallake ƙofar shinge, saboda alƙalai sun gamsu cewa dabbar horarriya ce, ba ta daji ba. Labarin bai da bambanci da na mataccen kifin Matan Fada. A 2023 kuma wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar Sony, sannan ya ƙi karɓar kyautar, ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton, kyamara ba ta taɓa ganin mutanen da ke cikinsa ba. Ƙaramar gasa a Gusau ko Jega ba ta da kayan binciken waɗancan, amma tana iya cewa duk wanda ya kai zagayen ƙarshe ya kawo wayarsa ko katin kyamararsa a ga asalin hoton, da waɗanda ya ɗauka kafinsa da bayansa. Wanda ya tsaya a wurin da gaske ba ya rasa su.

Akwai sharaɗi biyu da nake ganin sun fi damunmu fiye da mutanen waje. Ɗaya shi ne izinin wanda aka ɗauka. Hoton almajiri da ƙoƙon bara, ko na matar da rikici ya koro daga ƙauyenta tana zaune a kangon gini a Gusau, yana saurin taɓa zuciyar alƙali, amma matar nan tana da miji da 'ya'ya da surukai, kuma ba ta fito daga gidanta don ta zama abin kallo ba. Gasar da ba ta tambayi ko an nemi yardarta ba tana koya wa yaranmu cin riba da tozarcin wani. Ɗayan kuma haƙƙin mallaka ne. Wasu masu shirya gasa sukan saka layi cikin sharuɗɗa cewa duk hoton da aka turo ya zama nasu, da kyautar waya ɗaya su tara ɗaruruwan hotuna na talla. Ya kamata mai shiga ya karanta kafin ya tura. Ko gasar Wiki Loves Africa, wadda ake yi tun 2014 kuma 'yan Arewa suke shiga, ta ginu ne a kan cewa hoton zai shiga taskar Wikimedia kowa ya yi amfani da shi kyauta muddin ya ambaci sunan mai shi. Wannan ciniki ne mai kyau ga wanda ya fahimce shi ya kuma yarda, domin an faɗa masa a fili tun farko.

Idan aka juyo kan makaɗa, kusan duk waɗannan dabaru sun daina aiki. Ba a iya rufe suna, domin amon kotso na farko da buɗe bakin jagora sun isa kowane ɗan Zamfara ya ce wannan Ɗanƙwairo ne. Ba waƙa ɗaya ake aunawa ba, rayuwa ce sukutum. Abin da ke tsaya wa alƙali a madadin rufe suna shi ne nisan lokaci. Amurkawa da suka kafa zauren karrama mawaƙansu na Rock and Roll Hall of Fame, wanda ke birnin Cleveland kuma ya fara shigar da mutane a 1986, sun sa doka cewa ba a duba mawaƙi sai an cika shekara 25 da fitar faifansa na farko. Kwamiti yana fitar da sunaye, mutum fiye da dubu daga mawaƙa da masana da 'yan kasuwar waƙa su jefa ƙuri'a. Duk da haka ba shekarar da ba a yi ƙorafin an manta da wane an shigar da wane ba, amma dokar shekara 25 ta rufe wata ƙofa guda, ta hana wanda ya yi tashen damina ɗaya shiga da ƙarfin hayaniya. Japan ta bi wata hanyar. Tun 1955 take ayyana wasu gwanayen kiɗa da sana'o'in gargajiya a matsayin dukiyar ƙasa mai rai, tana ba kowannensu yen miliyan 2 a shekara, da nufin ya ci gaba da aikin ya kuma horar da magada.

Mu ma ba mu rasa hanyoyin girmama makaɗi ba. Fada tana naɗa Sarkin Kiɗa da Sarkin Taushi, kamar yadda Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya, ya riƙe sarautar taushi a fadar Sarkin Musulmi. Masu hali suna ba da riga da doki da mota da kujerar Makka. Gwamnatin tarayya tana ba da lambobin girma, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Sai dai yawancin waɗannan, in ban da kaɗan, tukuici ne daga wanda aka wasa zuwa ga wanda ya wasa shi, ko shaida ce ta kusanci da masu mulkin lokacin. Ba laifi ba ne, haka sana'ar ta ginu, makaɗi da iyalinsa da 'yan amshinsa da wannan suke ci. Amma kyautar ubangida ba ta amsa tambayar ko za a saurari mutumin nan bayan ubangidan ya kau.

A ganina wannan ita ce tambaya ta farko, kuma ta fi sauran nauyi. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi wa Sarkin Gobir Amadu na Isa yawancin waƙoƙinsa. Sarkin ya rasu, makaɗin ya rasu fiye da shekara sittin da suka wuce, mutanen da ya yi wa zambo da habaici a fadar Isa babu mai iya nuna kabarin yawancinsu, amma har yau direban da bai taɓa taka Isa ba yana sa waƙarsa a mota, malamin jami'a yana jawo baitinsa don ya kafa hujja a kan harshe. Abin da ya rage bayan yabo ya rasa mai karɓarsa shi ne azanci, wato yadda ya ɗauki doki ko kogi ko gulbin da ya cika ya gina magana a kansa har ta zama ta kowa. Haka Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, siyasar da ta kewaye wasu daga cikin waƙoƙin ta zama tarihi, amma yadda yake jefa ɗan waƙa 'yan amshi su cafe su ƙarasa masa kamar bakinsu ɗaya bai tsufa ba. Sa'idu Faru da waƙoƙinsa na Sarkin Kudu Macciɗo, da gidan Ɗandawo da ya ratsa Argungu ya zauna Yawuri, uba Aliyu da ɗansa Sani, duk sun haye wannan gwaji. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, miyar makaɗin yabo kuwa ita ce ran ubangidansa da mulkinsa.

Daga nan sai a duba ko ya buɗe hanyar da wasu suka bi, ko kuwa ya taka sawun na gaba ne kawai. A duba daɗewarsa a fage, domin waƙa ɗaya mai daɗi tana iya faɗo wa kowa, amma shekara talatin ana ƙulla sabon gindin waƙa ana zuba masa ɗiya, wato baitoci, ba tare da maimaita kai ba sai gwani. A duba harshensa, ko ya adana kalmomi da karin magana da sunayen wurare da tarihin gidajen sarauta da ba don shi ba da sun ɓace. Idan aka kafa kwamitin karrama makaɗanmu, alƙalansa ba za su fara daga fili ba, domin masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, da turke da tsari da salo, sun kuma tattara tarihin makaɗa da yawa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya yi aiki mai zurfi a kan Narambaɗa da wasunsa. Ina so in ƙara abu ɗaya da ake yawan tsallakewa, wato 'yan amshi da masu riƙe da ganga. Waƙar fada aikin ƙungiya ce. Idan aka rubuta sunan jagora shi kaɗai a jikin allo, an bar mutanen da rabin daɗin waƙar daga maƙogwaronsu da tafin hannunsu ya fito.

A nan darasin gasar hoto yana da amfani, domin kamar yadda ba a haɗa hoton tsuntsu da hoton biki a rukuni ɗaya, haka bai kamata a ɗora makaɗin fada da makaɗin maza a ma'auni ɗaya ba. Muhammadu Bawa Ɗan'anace aikinsa shi ne ya sa jinin Shago ya tafasa kafin ya shiga fagen dambe, Kassu Zurmi kuma 'yan tauri da mafarauta yake zugawa. Wanda ya nemi natsuwar kotso a cikin kalangun dambe ya nemi abin da ba a ajiye a wurin ba. Idan kuwa ba a raba rukuni ba, makaɗan fada za su kwashe komai, saboda su ne gidajen rediyo suka fi ɗauka, su ne ɗalibai suka fi rubutu a kansu, su ne kuma masu faɗa a ji suka tashi suna ji. Makaɗan noma da na su da na ƙira za su koma gefe. Mata za su fi kowa asara. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta samu fitowa fili, amma zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya nawa ne suka raya bukukuwan cikin gida a Gummi da Anka da Gwandu tsawon rayuwarsu ba tare da an taɓa kafa musu na'urar ɗaukar murya ba? Jihar Kebbi kuma ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Duk karramawar da za ta ɗauki sunan jihar dole ta saurari kiɗan Dakarkari na Uhola a Zuru, da na Kambari da Gungawa a ƙasar Yawuri, da na Zabarmawa da Dandawa da Fulani, ta kuma zaunar da masu jin waɗannan harsuna cikin alƙalai.

Shari'ar da ta fi kowace wuya ita ce ta irin Muhammadu Gambu na Fagada, wanda duniya ta sani da waƙar ɓarayi. Duk mai jin Hausa da ya saurare shi ya san gwani ne wurin ba da labari da sarrafa harshe, kuma waƙoƙinsa taska ce ga mai nazarin yadda al'umma take kallon sata da tsafi da jarunta da hukuma. Amma muna zaune a ƙasar da mutane suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, inda da wuya a sami gidan da bai san wanda aka ɗauke ko aka kashe ba. Ba zan iya ce wa wanda ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansa ya zo ya yi tafi a bikin karrama waƙar da ke kambama ɓarawo ba. Mafita a wurina ita ce a bambanta adanawa da karramawa. Adanawa haƙƙin tarihi ce, ta shafi kowa, a tattara, a rubuta, a yi nazari, kada a ƙona komai. Karramawa kuwa al'umma ce take nuna wa 'ya'yanta mutum tana cewa ga abin koyi, saboda haka tana da ikon ta yi jinkiri, ko ta faɗi a fili wane ɓangare na aikin mutum take girmamawa. Wannan ma'aunin ya shafi mawaƙan siyasa na yau, waɗanda muryarsu ta cika kowace tasha da kowane shagon caji. Cikinsu akwai masu fasaha ta gaske, kuma ba daidai ba ne a raina su don suna aiki da situdiyo da fiyano, tun da Ɗanƙwairo ma ya yi waƙar 'yan siyasar zamaninsa. A ba su shekarun da aka ba na gaba, jam'iyyar ta watse, ɗan takarar ya sauka, sannan a sake sa waƙar a ji abin da ya saura.

Wanda zai zauna a kwamitin shi ne rabin hukuncin. Gwamnatin jiha tana iya ba da kuɗi da wuri, amma idan ita ce mai zaɓe, jerin sunayen zai riƙa sauyawa duk bayan shekara huɗu ko takwas. Ya fi kyau a haɗa malaman jami'o'in Gusau da Birnin Kebbi da Sakkwato, da tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka san abin da ke cikin taskar faya-fayai, da makaɗan da suka manyanta, da wakilan fada, da mata masu sanin waƙoƙin cikin gida. Duk wanda yake da dangantaka da wanda ake dubawa ya tashi daga zaman. A taƙaita adadi, mutum biyu ko uku a shekara, domin lambar da aka raba wa mutum hamsin a dare ɗaya ba ta bambanta kowa da kowa ba. A kuma rubuta dalili a buga shi, yadda mai ƙorafi zai yi jayayya da hujja. Ita karramawar kanta kada ta tsaya a kan allon katako da hoto da babban baƙo. A kwafe kaset ɗin da ke narkewa a cikin akwatunan gidaje zuwa na'ura, a rubuta baitocin da karin harshen da aka rera su, a tabbatar iyalin suna samun wani abu idan an yi kasuwanci da muryar mahaifinsu, a kuma ɗauki nauyin yaro ko biyu su koyi kotso ko taushi a hannun waɗanda suka rage.

A wannan gaɓar ce masu ɗaukar hoto don sha'awa suke da aikin da ya fi cin kyauta. Muryoyin manyan makaɗanmu sun fi hotunansu yawa nesa ba kusa ba, wanda duk ya nemi hoton ɗayansu zai tarar da guda ɗaya ko biyu da suka dushe suna yawo daga shafi zuwa shafi, wani lokaci ma da sunan wani a ƙasa. Alƙalan da za su zauna nan da shekara talatin za su buƙaci shaida, kuma wayoyin da ke aljihun yaranmu ne za su samar da ita. Wiki Loves Africa ta taɓa ɗaukar kiɗa da rawa a matsayin jigonta a 2016, babu abin da zai hana ƙungiya a Argungu ko Talatar Mafara ta yi irin haka, da sharaɗin cewa kowane hoto ya zo da sunan makaɗin da yardarsa, da garinsu, da sunan abin kiɗan, da ranar da aka ɗauka. Bikin Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ana ɗaukar dubban hotunan kifi a cikinsa, amma mutanen da ke kiɗa a kwale-kwale sukan fito ne a bayan fage ba suna.

Na taɓa ɗaukar hoton ɗaya daga cikinsu bayan an watse, wani dattijo yana zaune a gindin bishiya yana gyara igiyoyin kalangunsa da suka jiƙe, wani yaro tsaye a bayansa riƙe da sandar kiɗan. Da na nemi izini sai ya ce, "Ɗana, ɗauki, amma ka kawo man nawa in gani, don masu ɗauka sun yi yawa, ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba." Na ce, "Baba, in Allah ya yarda zan kawo." Sai da aka yi watanni kafin na wanke shi na bi kwatancen da ya yi mini zuwa garinsu. Ya riƙe hoton da hannu biyu ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kan yaron ya ce, "Wanga jikana na, shi ka ɗaukar man kalangu yanzu." Ya faɗa mini sunan wanda ya sassaƙa icen kalangun, da sunan mahaifinsa da ya gada a wurinsa, da gidan masuntan da kakanninsa suke yi wa kiɗa tun kafin a fara kiran abin biki. Na juya bayan hoton na rubuta duk abin da ya faɗa da biro, da ranar, na bar masa wannan, na kwafe rubutun a bayan nawa kafin in hau babur.